Maɓallan Kwat ɗin Sarki

Shekara talatin da ɗaya Babanmu ya yi yana guga a gidan sarki. Ɗakin aikinsa yana ƙasa, bayan kicin, mai taga ɗaya: dogon tebur da aka shimfiɗa wa bargo, dutsen guga biyu, bokitin sitaci, da rediyon da ba ya magana sai an buge shi. Mai Guga kowa yake ce masa, har Mama idan ta yi fushi. Mutum ne marar surutu. Ya san faɗin kafaɗar sarki fiye da yadda ya san fuskarsa, don ko benen gidan bai taɓa hawa ba.

Ina ajin ƙarshe a sakandare maɓallan azurfa suka fara ɓacewa daga kwat-kwat ɗin sarki. Cikin wata biyu aka rasa bakwai. Shugaban ma'aikata bai ce Baba ɓarawo ba ne, amma ya sa ana laluba masa aljihu a ƙofa. Ranar da aka fara, Baba ya dawo gida ya kasa cin abinci.

Washegari da hantsi yana guga sai ya ji takun sanda. Yayar sarki ce, Gimbiya, tsohuwa mai shekara saba'in wadda tun rasuwar mijinta ba ta da aiki sai karanta littattafan binciken laifi. Ita ce ta taɓa tsare masu dafa abinci kwana uku da tambayoyi a kan kifin da ya ɓace, daga baya aka gano kyanwarta ce. Baba ya zube ƙasa. Ta kife bokiti ta zauna a kai.

"Tashi, Mai Guga, rigar nan za ta ƙone. Kawo min kwat ɗin duka."

Ta ɗora tabarau biyu, ɗaya a kan ɗaya, ta bi su da kallo.

"Ba yanke zaren aka yi ba, tsinkewa ya yi," in ji ta. "Kuma kullum maɓalli na uku. Wane irin ɓarawo ne zai bar huɗu ya ɗauki na saitin cibiya?"

"Ranki ya daɗe, ban sani ba."

Ta juya kwat ɗaya ta ciki, ta duba ɗinkin. "Zare iri biyu ne a ɗinkin nan. Wa ya buɗe ta?"

Baba ya ajiye dutsen guga. Ya faɗi gaskiya. Shekara shida ke nan yana ɗaukar kayan sarki ɗaya-ɗaya ya kai gida, Mama ta farke ta ƙara musu faɗi, ya mayar da safe. Babu wanda ya sa shi. Gani ya yi ɗinki yana buɗewa, kuma duk gidan ba mai iya ce wa sarki ya yi ƙiba. Yanzu yadin ya ƙare, ba sauran abin ƙarawa.

Gimbiya ta saki baki. "Ka san yana nuna wa likita kwat ɗin nan yana cewa awonsa bai canza ba tun aurensa?" Ta zura hannu a aljihun ciki. "Wannan tabon fa?"

"Cakulan ne, ranki ya daɗe. A kayan da yake sawa a ɗakin karatu kawai nake samunsa."

"Mutumin da aka hana wa sukari. Ɗauko kwat ɗin, biyo ni."

Ya bi ta yana riƙe da ƙarfen bene. Ba ta ƙwanƙwasa ƙofar ɗakin karatun ba. Sarki yana zaune a bayan tebur da takardu, Baba ya durƙusa a bakin ƙofa, kansa a ƙasa.

"Auta, matsa," in ji ta.

Baba ya ɗaga kai ya ga wa ake kira haka. Sarki ne ya matsa.

Ta jawo durowar ƙasa. Gwangwanin cakulan uku ne a ciki, da wani na biskit. Ta girgiza na biskit ɗin, ya yi ƙara, ta juye a kan takardu. Maɓalli bakwai cif.

"Yaya, ki rufa min asiri," in ji sarki a hankali. "Idan na zauna ne suke tashi. Ɗaya har ya buga gilashin agogo."

"Ka san saboda su ake laluba aljihun bawan Allah nan?"

Bai sani ba. Da ta nuna masa ɗinkin Mama kuwa, sai ya riƙe kwat ɗin yana kallon Baba kamar yau ya fara ganin mutum.

"Shekara shida?"

"Da wata huɗu, ranka ya daɗe."

Sarki ya sake tambaya, "Har wandunan?"

"Da su aka fara, ranka ya daɗe."

Da yamma shugaban ma'aikata ya sauko ya ba Baba haƙuri a gaban masu kicin. Aka kira tela ya auna sarki. Gwangwanayen kuma Gimbiya ta ce a kai wa Mama. Mu muka cinye. Baba ya zauna a tsakar gida da takalmansa a ƙafa, sai can ya ce wa Mama, "Auta take ce masa." Mama ta ce to ai shi ma haifarsa aka yi.

Baba ya ƙara shekara huɗu a aikin, kuma bai sake samun sakat ba, don Gimbiya ta gano akwai mai karanta tabo a gidan. Duk Laraba sai ta sauko da rigar wani a ƙarƙashin mayafi. Tare suka gano direban da ke yawo da motar sarki, da mai lambun da ke barci a ɗakin baƙi. Baba bai taɓa jin daɗin wannan ba, yana cewa shi guga aka ɗauke shi. Amma da ta rasu, wata biyu kawai ya ƙara ya ajiye aikin.