Ranar da Aka Sayar da Uwar Jaka

A gyara zama, mai tari ya yi tarinsa tun yanzu. Ga tarihin Gwaggo Mai Kwarashi, sarauniyar zare, gagarabadau ta kan tabarma, wadda ta shekara talatin tana dambe da ƙulli ba wanda ya taɓa kai ta ƙasa sai ciwon baya.

Gwaggo ƙanwar babana ce. Sana'arta saƙa jakunkunan hannu na mata, masu wani zane mai hawa da sauka kamar an jera haƙoran zarto. Ba ta da shago, ba ta talla. Duk wata takan kai guda goma sha biyu wani shagon kayan hannu a kan babban titi, a jera mata, in an saya shago ya cire nasa ya ba ta nata. Kantar da ake jera kayanta ita ce ta biyu daga sama, daidai idon mai shigowa, wadda mai sassaƙa cokula ya shekara huɗu yana harara.

Mai shagon kuwa, a bayan idonta Ƙa'ida ake ce mata, don ko gaisuwa za ta amsa sai ta ce ga yadda ƙa'ida take. Dokokinta biyu ne masu zafi. Abin da aka liƙa wa farashi ba ya komawa gida sai ya cika kwana sittin. Sannan mai kaya ba ya magana da mai saye, ko da sannu ce. Wata mai tukwanen fure ta taɓa raɗa wa wani lambar wayarta, kafin la'asar tukwanenta na bakin ƙofa.

To Gwaggo tana da wani sirri. Zanen nan da aka san ta da shi, layi arba'in da uku ne, kuma ba ya kanta. Akwai wata tsohuwar jaka da mahaifiyarta ta saƙa, ita take kira Uwa. Kullum takan ɗora ta a cinya, ta juya cikinta waje, ta bi idon saƙar da kan allura tana kwaikwayo. Shekara talatin ke nan, in aka ɗauke Uwa, Gwaggo ba ta wuce layi na tara. Hoto ba ya yi mata, don lanƙwasar zaren a ciki take, sai yatsa ya taɓa. Ba wanda ya sani, har mijinta.

Mijin nan tsohon direba ne da ya ajiye aiki, zaman gida ya ishe shi, ya koma neman abin taimako kamar kaza mai neman wurin ƙwai. Ranar kai kaya Gwaggo ta tafi asibiti duba wata maƙwabciya, ta dawo ta tarar ya share tabarma tas.

"Na hutar da ke," in ji shi, yana kaɗa makullin motar da ba shi da ita. "Sha biyu cif na kai."

"Sha ɗaya na gama, Maigida."

"Akwai wata ƙarƙashin matashi. Ta ɗan sha jiki, amma yarinyar shagon ta ce ta fi sauran kyau."

Gwaggo ba ta yi ihu ba. Ta ɗaga matashin, ta mayar. Ta ɗauki mayafi da jakar zarenta, wadda ko gidan makoki ba ta bari, ta fita da takalmi wari daban-daban.

Ta isa shagon ana tsakiyar karɓar kaya. Mai cokula na nan, mai tabarmin roba na nan, da wasu mata biyu masu 'yan kunne. Ta duba kantarta: goma sha ɗaya. Sai ta hango Uwa a gaban teburin biya, da farar takardar farashi a jikinta, a hannun wata mata doguwa mai tabarau, tana shafa ta kamar kyanwa.

Gwaggo ta zagaya ta bayan tebur, ta yi ƙasa da murya.

"'Yata, waccan ba ta sayarwa ba ce. Kuskure aka yi."

Ƙa'ida ba ta ɗago ba. "Mama, an liƙa mata farashi."

"Zan kawo miki biyu a madadinta. Uku."

"Mama, ki koma can ki tsaya. Akwai baƙuwa."

Ta koma ta tsaya kusa da mai cokula, wanda ya ce, "Yau kuma rawar sanyi ake yi da rana tsaka?" Ba ta ji shi ba. Idonta na kan yatsun matar. Matar ta buɗe jakar, ta leƙa, ta rataya a kafaɗa, ta juya gaban madubi. Ta ajiye ta. Gwaggo ta saki numfashi. Matar ta ɗauki wata sabuwa, ta gwada, ta taɓe baki, ta sake ɗaukar Uwa, ta miƙa katin banki.

Na'urar ta yi ƙara, takarda ta fito.

Gwaggo ta san abin da magana za ta jawo. Kantar nan ita ke ciyar da gidan tun da Maigida ya sauka daga mota. Amma kanta ba jaka, ai katako ne kawai.

"Baiwar Allah," ta ce wa matar.

Ƙa'ida ta ajiye biro a hankali.

"Baiwar Allah, jakar nan ta mahaifiyata ce. Da ita nake duba zane. In kika tafi da ita, ban iya ba." Ta ƙara, don waɗanda ke baya su ji sau ɗaya a gama. "Ban taɓa iyawa da ka ba."

Mai cokula ya buɗe baki, ɗaya daga masu 'yan kunne ta taka masa ƙafa.

Matar ta dube ta ta saman tabarau. "Mama, na ji tausayinki, amma na biya. 'Yata za ta yi tafiya gobe, kuma wannan nake so in ba ta, sababbin sun cika ƙyalli." Ta duba agogo. "Zan shiga wajen mai gyaran tabarau nan gaba. Awa ɗaya. Ki duba abin da za ki duba."

Ta bar jakar a kan tebur ta fita.

Gwaggo ba ta iya rubuta zane ba, ba ta taɓa gani an rubuta ba. Ta zauna a ƙasa, a tsakiyar shagon mutane, ta juya cikin Uwa waje, ta zaro kwarashi da ragowar zare kala uku, ta fara saƙa siririn ƙyalle mai faɗin tafin hannu, layi bayan layi, tana bin Uwa da allura. Masu saye suna tsallake ƙafarta. Ƙa'ida ta juya fanka wajenta.

A layi na goma sha bakwai ta yi kuskure, ta warware biyu. A na ashirin da shida jan zare ya ƙare, mai tabarmi ta tsinke igiyar buhunta ta miƙa mata. Gumi na ɗiga daga haɓarta. Mai cokula, da ba wanda ya sa shi, ya tsaya a ƙofa yana leƙen titi.

"Tana biyan mai tabarau," ya ce.

Talatin da biyar.

"Ta fito. Ta tsaya sayen ruwa."

Talatin da bakwai. Yatsun Gwaggo sun fara ƙin jin magana.

"Ga ta nan."

Tana ƙulle layi na talatin da takwas inuwar matar ta faɗo kanta. Gwaggo ta dubi biyar ɗin da suka rage, ta bi su da babban yatsa sau ɗaya, daga dama zuwa hagu. Ta juya jakar daidai, ta kakkaɓe ta, ta miƙa da hannu biyu.

"Kar a wanke ta da ruwan zafi," ta ce.

Bayan matar ta tafi, Ƙa'ida ta ce, "Mama, kin san ƙa'ida."

"Na sani."

"Ba zan fitar da ke ba. Amma kanta ta ƙasa za ki koma."

Kafin Gwaggo ta gama tattara zarenta, mai cokula ya fara jera cokulansa a kanta ta biyu, yana yi yana ba ta haƙuri.

A hanya ta yi ta maimaita layi biyar ɗin a ranta. Kafin ta kai gida sun zube. Yanzu jakunkunanta layi talatin da takwas na mahaifiyarta ne, biyar na sama kuwa abin da hannunta ya ga dama. Suna can ƙasa kusa da tsintsiya, sai mai saye ya durƙusa. Wasu watanni a sayi tara, wasu biyar. Maigida kuma an hana shi taɓa komai a ɗakin in ban da rediyo.

Da na gama rubuta wannan na je na karanta mata, na ƙara da cewa duniya za ta san ta a matsayin wadda ta ƙirƙiro sabon zane cikin awa ɗaya. Ba ta ɗago daga saƙarta ba.

"Ba abin da na ƙirƙiro, layi biyar na rasa," ta ce. "Ɗaga ƙafarka, ka taka mini zare."