Sharaɗin Ardo Buba

Har in bar sana'ar fim ba zan manta da ranar da aka kusa korarmu daga wata ruga a wajen Gololo ba. Aikina shi ne nemo wurin ɗauka: in daidaita da masu wuri kafin kyamara ta iso daga Azare. Sai da na yi ta zarya kafin Ardo Buba ya ba mu aron rugarsa da shanunsa, ni kuma na tsaya masa cewa ba za a ci mutuncin kowa ba.

Ashe darakta, Malam Sale, ya saka irin fitowar nan da ta ishe ni: Bafulatani wawa, mai karya Hausa, yana jin rediyo ya ruga daji. Ɗan wasanmu Modu ya naɗe fuska da rawani, ya kifa malafa, ya yi ta shirme. Mu kaɗai ke dariya.

Ardo ya miƙe, ya dube ni. «Malam Isa, abin da ka kawo min ke nan? Rediyon nan nawa ne fa kuka ara. Ku kwashe kayanku.»

Wallahi kunya ta kama ni, don da wannan fuskar zan sake haɗuwa da shi a kasuwa. Modu ya warware rawani ya durƙusa zai ba da haƙuri, sai ga tsagen Barebari ɓaro-ɓaro a kumatunsa.

Ardo ya ƙura masa ido, ya tuntsire da dariya. «Af, ashe bawana ne! Shi ya sa ko sanda bai iya riƙewa ba.»

Kun san wasan Fulani da Barebari, ba a fushi. Darakta ya ɗauka an wuce wurin, sai Ardo ya ɗaga hannu. «Tsaya. Wasanmu ramawa ake yi. A akwatin hoton nan naku ina bakina?»

Nan take aka sake fitowar. Modu ya koma Babarbarensa, mai sayen shanu, Ardo ya fito da kansa, suka yi ta sharɓa wa juna baƙar magana har mai kyamara ya kasa riƙe ta don dariya. Muka tashi da ƙwaryar kindirmo.

Tun ranar, in za a zolayi wata ƙabila a fim, nakan tambayi darakta abin da Ardo ya tambaya: ina bakinsu? In babu, ya nemi wani ya kai shi ruga.