Motar da Aka Gine Cikin Gida a Bayan Kajiji

Sakkwato zuwa Boɗinga

Muna sallame sallar asuba muka tashi daga Sakkwato, ni da Sahabi bakanike, wanda ko keke ba na saye sai ya saurari kukansa. Sana'ata saye da sayar da motocin hannu ce. Da wankin mota na fara, har Allah ya ba ni filin kaina. Abin da ya fitar da mu a ranar mota ce mai ɗaki, irin wadda ake kwana a ciki, a yi girki, a yi wanka. Wani babban ɗan kasuwar albasa na Danchadi da ke bin kayansa har Kudu ya gaji da kwanan tasha, ni kuwa na yi masa alkawari a gaban mutane cewa zan kawo masa irinta kafin a fara lodin bana. Ban taɓa saɓa magana a kasuwa ba, kuma a duk bincikena guda ɗaya tak na ji labarinta.

Rana na ɗagowa muka shiga Boɗinga. Mun karya da koko da ƙosai a bakin hanya, da arha fiye da na birni. A shingen jami'an tsaro aka buɗe but ɗin motarmu, aka ga sabon batir da jarkar man dizal. Wani jami'i ya tambaye mu ina motar da za ta sha su. Sahabi ya ce ai ita za mu gaisar, mun riƙo mata tsaraba. Jami'in ya yi dariya ya ɗaga mana hannu.

Shagari da Kajiji

A Shagari muka ƙara iska a taya, muka sayi goro na gaisuwa. Daga Kajiji kwalta ta rabu da mu. Muka bar motarmu wurin wani mai faci, muka hau babura biyu, Sahabi rungume da batir a cinya yana roƙon ɗan acaɓa ya tuna yana da iyali. Hanyar ta ratsa fadama, albasa shimfiɗe hagu da dama har inda ido ya tsaya, an tumbuke wata an jera tana shan iska, har muka isa ƙauyen da motar take.

Mai motar, Malam Ummaru, tsohon malamin dabbobi ne. Da ita ya riƙa bin makiyaya mashaya zuwa mashaya, ya kwana inda dare ya same shi, har ya aje aiki. Bayan doguwar gaisuwa a zaure, ya aika aka sanar da matan gida, sannan ya shigar da mu.

Na sayi motoci da yawa, amma ban taɓa ganin irin wannan ba sai ranar. Tana ƙarƙashin rumfar kara, fara tas. A ciki akwai gado mai naɗewa ya koma kujera, da murhun gas, da ƙaramin firji, da kwabobi har rufi, da banɗakin da mutum zai yi alwala a tsaye ba tare da ya jiƙa ƙofa ba. Babu taku ɗaya da aka bari a banza. Sahabi ya cire takalmi kafin ya shiga, ba wanda ya ce masa ya cire. Batir ɗinmu ma bai yi amfani ba, bugu ɗaya ta tashi. Ashe duk Juma'a Malam yakan tayar da ita, ya matsa gaba har bakin rijiya, ya dawo baya har rumbu, don kada tayoyi su mutu a wuri ɗaya.

Sai na waiga ina neman ƙofar da za ta fita. Babu. Katanga ce ta ƙasa ta kewaye gidan, sai zauren da jaki ma da kaya ba ya wucewa. Malam ya ce lokacin da ya aje ta nan fili ne. Da 'ya'yansa suka yi aure aka faɗaɗa gida, aka ja katanga, kowa na murna, ba wanda ya tuna mota ba ta bin zaure.

Gaskiya raina ya yi fari, don na ga abin karya farashi. Muka koma zaure. Kafin in buɗe baki ya lissafa mini aibinta da kansa: rufi na ɗiga ta gefen taga, giya ta biyu na gardama da sanyin safiya, firjin ya fi son hutu da aiki. Ya faɗi kuɗinta. Ni kuma na taya kusan rabi, na ce sauran na rushe katanga ne da kiran magina daga Shagari.

"Albarka," in ji shi, bai ko ɗaga murya ba. "Ɗana, mota kaz zaka saye ko katanga? Katanga tawa ta. In tah hita waje, sai mu yi ciniki."

Ya aika wa mai unguwa da goro, ya ce a yi masa gayya bayan azahar.

Abin da na gani bayan sallar nan har yau ina ba da labarinsa. Maza suka fito daga masallaci kai tsaye, wasu da magirbi, wasu da jakuna ɗauke da ruwa. Ba su taɓa katangar ba sai da suka kafa zana doguwa tsakaninta da ɗakunan mata, yadda mai wucewa ba zai hangi kowa ba. Sannan suka jiƙa ginin, suka riƙa zare tubali ɗaya bayan ɗaya, hannu zuwa hannu, ana jerawa a gefe ba a fasa ba. Ba mai ba da umarni, ba mai tsayawa kallo. Gefe guda wasu na kwaɓa sabuwar ƙasa da ƙafa, suna tsokanar wani mai tumbi cewa shi ya kamata a sa ya toshe gurbin.

Na zaro kuɗi zan ba su. Wani dattijo ya mayar mini da hannuna cikin aljihu. "Aje abinka, baƙo. Malam ya kwana daji saboda shanunmu. Nan ba a biyan gayya, sai dai a ci a sha." Na ji kunya, na aika aka sayo fura da nono mai yawa.

Malam da kansa ya tuƙo ta. Ta fito a hankali, madubi na kusan shafar gini, har ta daidaita a fili. Bai kashe ta nan da nan ba. Ya zauna riƙe da sitiyari yana kallon hanyar fadama, mu kuma muka ba shi lokacinsa. Kafin magariba an mayar da tubalin har ƙirji, aka rufe sama da zana zuwa ƙasar ta sha iska a ƙarasa.

Muka zauna a tabarma gefen motar. Hujjata ta tafi, kuma na san darajar abin da ke gabana. Daga farashin da ya faɗa na cire kuɗin gyaran rufi da giya kawai, waɗanda shi ya nuna mini, na faɗi sauran. Ya dubi mai unguwa, ya dube ni.

"Na sallama. Allah shi sa alheri."

Komawa

A cikinta muka kwana, Sahabi ya rigaye ni gadon. Da safe muka duba takardu, suka cika. Giya ta biyu ta yi gardamarta daidai yadda aka faɗa. A Kajiji Sahabi ya ɗauki motarmu ya biyo ni a baya. A Boɗinga na kira mai albasa, ya fito bakin hanya da jama'arsa. Ya shiga ya buɗe famfo, ruwa ya zubo, ya rufe, ya sake buɗewa. Na gaya masa aibinta uku kafin ya tambaya, na faɗi abin da na saya da ribar da na ɗora. Bai taya ba.

Da la'asar na isa gida lafiya. Na gode wa Allah da ya fitar da ni kunya, na gode wa Malam Ummaru, da mutanen ƙauyen nan da suka buɗe katanga suka mayar da ita a yini guda, ba su karɓi komai ba sai fura.