Kwamfutar da Ta Ƙi Garinmu

Da aka kawo shari'a aka rufe gidan kallon unguwarmu a Daura, sai wani Ibo ya kama ɗakin ya zuba kwamfutoci yana koyarwa. Babana dillalin shanu ne, so yake in bi shi kara. Da ƙyar ya bar ni na shiga, bisa sharaɗin zai zo ya gani da idonsa. In bai gamsu ba, in ɗauki sanda.

Malamin ya ce kwamfuta ba ta karɓar abu sai ta san irinsa. Akwai cikakkiyar lamba, akwai mai ɗigo, akwai gaskiya ko ƙarya, akwai rubutu. Shi rubutu sai an killace shi da 'yar alama mai wutsiya a sama, ɗaya a farko, ɗaya a ƙarshe. Na killace biyar da biyar na haɗa, ta ba ni hamsin da biyar. Malamin ya ce daidai ne. Tun daga nan nake gyaɗa kai kamar ƙadangare, ba don na gane ba.

Ranar da Baba ya zo, malamin ya tafi garinsu Kirsimeti, ya bar mana makulli. Na rubuta Daura, ta fito. Baure, ta fito. Dutsi ma haka.

"To sa namu," in ji Baba.

Asalinmu Mai'adua ne. Na killace sunan na danna, sai ga jan rubutu da Turanci. Na goge na sake. Na duba wayar wuta, na hura allon maɓallan, har bismilla na yi a bayyane. Gumi ya jiƙa mini riga, haushi da kunya suka cika ni.

"Ta san Baure ba ta san Mai'adua ba?"

"Baba, bari in ƙara gwadawa."

"A'a. Tashi mu tafi."

Sai bayan shekaru, ina riƙe da igiyar wani bijimi, abin ya faɗo mini. Alamar nan mai wutsiya da ke tsakiyar sunan garinmu ita kwamfutar ta ɗauka ƙarshen magana, ta karanta Mai ta tsaya. Na furta a'ar Baba a hankali, na ji ita ma da alamar a tsakiyarta. Ko ita na rubuta ranar, da kwamfutar ba ta karɓa ba. Ni kuwa na karɓa.