Maƙerin da Katinsa Ya Ce Direba Ne

A wani shagon walda a Gubaira, can ƙasar waje, wani dattijo yana liƙa sunan Bature jikin ƙofar ƙarfe: Smith. Ma'anarsa maƙeri. Kakannin Baturen suka bugi ƙarfe, shi ya gaji sunan. Dattijon kuwa ƙuna ya gada, tabo kan tabo har wuyan hannu.

Motar 'yan sanda ta shawo kwana. Ya yar da kayan aiki, ya cusa hannuwa cikin aljihu.

Na ce, "Baba, lafiya?"

"Iƙamata, katin izinin zama a ƙasar nan, direba ta ce, ɗan nan. Suka ga hannun nan, sai jirgin Kano."

Motar ta wuce tuni, hannuwan ba su fito ba. Ina zargin shi ma ya fara gaskata katin.