Akuya Ne, Ku Kore Shi

Ina da shekara ashirin da 'yan kai na yanke wa kaina hukunci cewa ni mawaƙi ne. A ƙungiyar mawaƙan majami'armu ta Kafanchan na koyi kaɗa jita, amma waƙoƙin da nake tsarawa duk na soyayya ne, saboda wata yarinya mai sayar da lemo a tashar jirgin ƙasa, wadda ba ta ma san ina yi ba.

Wata rana na aro rediyo mai ɗaukar magana wurin shugaban mawaƙanmu. Na shige ɗakin ajiya a bayan gida, na toshe taga da buhu, na danna jan maɓalli. Waƙa ta tafi lafiya har baitin da na fi ji da shi, inda nake jan murya kamar zan yi kuka: "Wa ya shiga zuciyata ya yi ɓarna?"

Daidai nan Mama, wadda ta shanya masara a tsakar gida, ta ƙwala ihu da Hausarta da ba ruwanta da mace ko namiji:

"Akuya ne! Ku kore shi!"

Kafin in sake ɗauka batir ya mutu, mai rediyo kuma ya aiko a karɓa.

Na kai kaset ɗin wurin wani Alhaji mai sayar da kaset a bakin kasuwa. Ya saurara, ya yi dariya har hularsa ta faɗi.

Na ce, "Alhaji, a goge min wurin nan."

Ya ce, "Yaro, in an goge nan, me ya rage?"

Haka ya kwafa. Ba a daɗe ba direbobin Samaru Kataf suka riƙa sa ta a mota, fasinjoji na amsawa. Mai lemo ta ji, ta tambaye ni ko akuyar tamu ce.

Gayyata ta farko zuwa wani biki ce a Gwantu. Na sa kaya masu guga, na hau dandamali, na rera har na iso baitin nan. Jama'a suka yi tsit suna jira. Da ba su ji komai ba, kawun ango ya miƙe.

"Ɗana, ina ka baro mai akuyar?"

Daga ranar duk mai gayyata sai ya ce in zo da ita. Mama ta ƙi, wai ita 'yar zumuntar mata ce, ba za ta yi yawon biki ba. Da ta ji a gaban mota za a sa ta, sai ta ɗaura sabon zane.

Takan tsaya bayana, hannu a ƙugu, fuska a murtuke. Ba ta taɓa shigowa a kan lokaci ba. Wani lokaci tun ina gyara jita take korar akuya. A wani biki ta ce alade ne, don ta ga ya fi dacewa da angon. Ita ake yi wa liƙi, ni ina gefe ina zufa.

Da damina ta faɗi, Mama ta ajiye yawon biki, ta ce gona ba ta jiran waƙa. Na koya wa ƙanwata ihun, muka gwada a gabanta. Mama ta saurara har ƙarshe, ta girgiza kai.

"Wannan murya? Ko kaza ba zai gudu ba."