Tsako a Aljihun Shugaban Ɗakin Ƙyanƙyasa

Ranar da ta ƙi fita raina ita ce wata Laraba da damina, lokacin ina shugaban ɗakin ƙyanƙyasa a wata gonar kaji da ke hanyar Bakura.

Ga wanda bai san aikin ba, tsako yakan shanye gwaiduwa ta cibiya kafin ya fasa ƙwai. Wani yakan yi gaggawa ya fito da ita a waje, tana reto. Ƙa'idar gonarmu ita ce a cire irinsa a kashe, don yakan ruɓe ya ja wa sauran ciwo. Ni ne mai koyar da ƙa'idar, da ɗaure fuska, har ma'aikata suna kirana Babu Tausayi.

Da safen nan na ci karo da ɗaya. Na ɗauke shi ke nan sai ya lafe a tafin hannuna, ɗumi-ɗumi. Wallahi na kasa. Na waiga ba kowa, na naɗe shi a hankici na zura a aljihun gaba.

Sai ga manaja, Alhaji Bawa, ya iso daga Mafara, ya tara mu a ofis. Ya ce in maimaita wa sababbin ma'aikata ƙa'idar. Na miƙe, na gyara murya, na kai daidai "ba a tausaya musu", aljihuna ya ce tsiyau. Na yi tari. Ya ƙara, da ƙarfi.

"Malam Sani, mi ka kuka cikin rigakka?"

"Ranka shi daɗe, ciki na."

Ya sallami kowa, suna fita suna toshe baki. Na riga na ga tsakon a mace, ni kuma a bakin ƙofa.

"Hiddo shi," in ji Alhaji, "za ka matse mai ciki."

Ya jawo durowa ya ɗauko wani tsohon kofin shayi da kwalbar aidin. Ya shimfiɗa tsumma mai ɗan laima a kofin, ya zaunar da tsakon yadda ba zai yi tsalle ya fasa gwaiduwar ba, ya ce in ajiye shi a ɗumi shi kaɗai, kada a ja gwaiduwar, kada a ba shi abinci. Ashe kofin nan ya sha karɓar irin waɗannan baƙi kafin nawa.

Washegari cibiya ta rufe. Sunana kuwa ya koma Uwar 'Yan Tsaki, da shi na yi ritaya.

Ƙa'idar tana nan, kuma daidai ce. Abin da na gane shi ne, masu faɗinta da babbar murya su ne suka fi kasa aikata ta.